Zafi, sanyi ko bugun lantarki: wanne za a sa wa zuciyar da bugunta ya rikice?

Idan likita ya gama duba takardar gwaji ya ce wa mutum, "Magani ya yi iya yinsa, sai dai a shiga a yi aiki," abin da ke fara zuwa ran mai ciwo shi ne tsaga ƙirji. A ciwon rikicewar bugun zuciya ba haka ake yi ba. Ta gindin cinya ake zura siririyar waya mai laushi, wadda ake kira kateta, ta bi jijiyar jini har cikin zuciya, a kashe ɗan naman da ke tayar da fitinar. Sai dai da zarar iyali sun fara tuntuɓar asibitoci, ko a Alƙahira ne ko Delhi ko Dubai, sai a jero musu hanyoyi uku, kowace da kuɗinta: ta zafi, ta sanyi, da sabuwar nan ta bugun lantarki da ake taƙaita sunanta da PFA. Kowane asibiti kuwa abin da ke hannunsa zai yaba.

Bari in faɗi matsayina tun da wuri. Wajen warkarwa, hanyoyin uku ba su da wata tazara mai yawa. Inda suka rabu shi ne irin ɓarnar da kowace kan yi wa maƙwabtan zuciya, da kuma lokacin da ɓarnar ke fitowa fili. Ga wanda zai hau jirgi ya dawo gida bayan mako ɗaya ko biyu, maganar lokacin nan ita ce kan gaba.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa, kuma wata 'yar wutar lantarki ta jiki ce ke ba su umarnin matsawa bi da bi. A ciwon da likitoci ke rubutawa da AF, ɗakunan sama sukan daina matsawa su koma karkarwa, bugun ya rasa tsari. Mai shi ya riƙa jin gabansa na faɗuwa ba gaira ba dalili, hawa bene ya zame masa aiki. Jini kuma yakan kwanta a wani lungu na ɗakin hagu ya daskare, gudan ya ɓalle ya nufi ƙwaƙwalwa. Shi ya sa AF ke ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. A 1998 ne Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a birnin Bordeaux na Faransa suka nuna, a kan marasa lafiya 45, cewa kusan duk tartsatsin da ke kunna wannan karkarwa daga bakin jijiyoyi huɗun da ke kawo jini daga huhu yake fitowa. Tun daga nan aikin ya zama zagaye bakin waɗannan jijiyoyi da tabo, don tabo ba ya ɗaukar lantarki. Kamar dai manomi ne ya share kewayen rumbunsa tas don kada gobarar daji ta tsallako. Zafi, sanyi da bugun lantarki duk hanyoyin share wannan kewaye ne.

Akwai haɗarin da ukun suka yi tarayya a kansa, don hanyar shiga ɗaya ce. Za a huda jijiyar cinya, a kuma huda bangon da ya raba ɗakin dama da na hagu da doguwar allura. Cinya na iya zubar da jini ko ta kumbura. Waya na iya ɓula bangon zuciya, jini ya taru a jakar da ke lulluɓe da ita ya matse ta, sai an yi gaggawar zuƙe shi. Gudan jini ko kumfar iska na iya kuɓucewa zuwa ƙwaƙwalwa. Galibi waɗannan ba ruwansu da sunan na'ura. Hannun mai aiki ne da yawan sabonsa.

Hanyar zafi

Ita ce tsohuwa, ita ce kuma aka fi sani ciki da bai. Bakin wayar na sakin lantarki mai saurin kaɗawa, naman da ya taɓa ya ɗauki zafi, likita ya riƙa ƙonawa ɗigo bayan ɗigo har ɗigogin su haɗu su zama zobe. Da zafin nama ya kai digiri 50 a ma'aunin salshiyas, ya mutu ke nan, kamar farin ƙwai da ya ji kasko, ba ya komawa ruwa. In ya doshi digiri 100, ruwan cikin naman ya tafasa, tururi ya fashe, har akan ji 'yar ƙara a ɗakin aiki, kuma fashewar na iya yaga bango. Saboda haka wayoyin yanzu na fesa ruwan gishiri a bakinsu don sanyaya wurin, suna kuma nuna wa likita ƙarfin da yake dannawa da shi.

Falalarta ita ce sassauci. Likita na zana taswirar cikin zuciya a kwamfuta, ya kai bakin wayar duk lungun da yake so. In aikin farko ya bar 'yar kafa a zoben, da ita ake komawa a toshe. In matsalar a ɗakunan ƙasa take, inda nama ke da kauri, har yanzu ita ce madogara.

Aibinta kuwa, zafi ba ya tambayar naman wa ya taɓa. Yana ratsawa ciki, har bayan an kashe wutar yakan ɗan ci gaba. Bangon bayan ɗakin hagu 'yan milimita ne kaurinsa, kuma bututun abinci, wanda ke kai loma daga maƙogwaro zuwa ciki, a jingine yake da shi. In zafin ya kai can, miki kan fito a bututun. Galibi mikin na warkewa da kansa, mai shi bai ma sani ba. Amma jefi-jefi yakan ci gaba da ci a hankali har ya ɓula, hanya ta buɗe tsakanin bututun abinci da zuciya, iska da ƙwayoyin cuta su shiga jini kai tsaye.

Wani bincike mai suna POTTER-AF da aka wallafa a 2023 ya tattara aiki 553,729, ya sami wannan ɓula a mutum 138. A hanyar zafi kashi 0.038 cikin ɗari ne, wato kusan mutum ɗaya cikin 2,600. A hanyar sanyi kashi 0.0015 ne, ɗaya cikin fiye da dubu sittin. Abin ba shi da yawa, dole a faɗi haka. Amma cikin waɗanda ya sama, kusan biyu cikin uku sun rasu, kuma waɗanda ba a yi musu wani aikin gyara ba kusan tara cikin goma ne suka rasu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokaci: alamun kan fara ne wajen kwana 18 bayan aiki, kuma mafi yawanci da zazzaɓi suke farawa. Mutum ya warke a ganinsa, ya dawo gida, an gama zuwa yi masa barka da arziki, sannan jikinsa ya yi zafi. Duk wanda ya san garuruwanmu ya san sunan da za a fara ba wannan zazzaɓin.

Zafi na iya sa bakin jijiyar huhu ya tsuke in aka ƙona can ciki, amma tun da likitoci suka koma zagayawa daga waje-waje, wannan ya ragu sosai.

Hanyar sanyi

Nan balan-balan ne a bakin wayar, faɗinsa yawanci milimita 28. Ana hura shi a toshe bakin jijiyar huhu da shi, a sako masa iskar da ke sandarar da shi zuwa wajen digiri 40 ko 50 ƙasa da sifili, a bar shi minti uku ko huɗu. Ƙanƙara ta kama cikin ƙwayoyin naman ta farfasa su. Wanda ya taɓa fitar da tumatir daga firiza ya ga yadda yake laɓewa bayan ya narke, ya ga misalin abin. Tabon da sanyi ke bari gefensa a tsaftace yake, kuma bai cika ɓata shimfiɗar cikin zuciya ba, don haka gudan jini bai cika kamawa a kansa ba. Balan-balan ɗin ma yakan manne da nama in ya daskare, ba ya zamewa.

Maƙwabcin da sanyi ya fi taɓawa shi ne jijiyar da ke motsa tantanin numfashi, wato tsokar da ke ƙasan huhu, jijiyar da ke saukowa dab da jijiyoyin huhu na dama. Yadda ake tsaronta abin kallo ne. Ana sa wata waya ta riƙa tsikarar jijiyar, sai cikin mara lafiya ya riƙa zabura kamar mai shaƙuwa, wani daga cikin ma'aikata ya ɗora tafin hannunsa a ƙasan haƙarƙarin dama yana jin kowace zabura. Da ya ji ta fara rauni sai ya yi magana, a tsayar da sanyin nan take. A gwajin FIRE AND ICE na 2016, wanda ya gwada zafi da sanyi a kan mutum 762, kashi 2.7 cikin ɗari na 'yan ɓangaren sanyi sun bar asibiti da raunin wannan jijiya, alhali babu ko ɗaya a ɓangaren zafi. Yawancinsu kan murmure cikin watanni, sai dai kafin nan mutum na iya fama da haki. Ga mai lafiyayyen huhu abu ne da za a jure. Ga wanda dama huhunsa ya raunana, ko tsohon ciwon tarin fuka ya cinye masa wani sashe, ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya kamata likita ya ji wannan tarihin kafin a zaɓa.

A wannan gwajin, ciwon ya dawo wa kashi 34.6 na 'yan sanyi da kashi 35.9 na 'yan zafi cikin shekara guda. Kunnen doki ke nan. Sanyi ya fi sauƙin koyo, sakamakonsa bai cika bambanta daga likita zuwa likita ba, amma bakin jijiyoyin huhu kawai ya iya; ba a zana layi da shi a wani wuri yadda ake so.

Bugun lantarki

Aikin farko da aka yi wa ɗan Adam ta kateta, wanda Melvin Scheinman ya yi a San Francisco a 1981, da bugun lantarki aka yi shi, bugu mai ƙarfi marar linzami, shi ya sa aka watsar da shi da hanyar zafi ta samu. PFA komawa ce ga lantarkin, amma an sa masa linzami. Ana sakin bugu masu ƙarfin gaske, gajeru ƙwarai, cikin ƙiftawar ido. Ba ƙonawa suke yi ba. Fatar kowace ƙwayar nama suke hudawa, ta zama kamar rariya, abin cikinta ya tsiyaye, ta mutu. Sirrin shi ne ƙwayoyin naman zuciya sun fi na bututun abinci da na jijiyoyi saurin mutuwa da irin wannan bugun, don haka ana iya saita ƙarfin ya kashe na zuciya ya bar maƙwabta. Turai ta amince da na'urar Farapulse a 2021. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da PulseSelect a Disamba 2023, sannan Farapulse a Janairu 2024.

Shin alƙawarin ya cika? A kan maƙwabtan nan, ƙwarai kuwa. Binciken MANIFEST-17K na 2024 ya bi mutum 17,642 a asibitoci 106, ba a sami ɓular bututun abinci ko ɗaya ba, babu tsukewar jijiyar huhu, babu raunin jijiyar numfashi mai ɗorewa. Manyan matsaloli sun tsaya a wajen kashi 1 cikin ɗari, mafi yawansu irin na hanyar shiga: taruwar jini a jakar zuciya kashi 0.36, shanyewar ɓarin jiki kashi 0.12, mutuwa kashi 0.03.

Amma sabon abu da sabon aibinsa yake zuwa, kuma guda biyu sun bayyana waɗanda ba a saba gani a zafi da sanyi ba. Na farko, in aka yi bugun kusa da jijiyar da ke ciyar da ita kanta zuciyar, jijiyar kan tsuke farat ɗaya; an ga haka a kashi 0.14, kuma yanzu akan riga a ba da maganin buɗe jijiya in za a yi aiki a irin wurin. Na biyu, bugun na fasa jajayen ƙwayoyin jinin da ke wucewa. In bugun ya yi yawa, abin da ya fashe ya taru a ƙoda. Mutum biyar a wancan binciken sai da aka yi musu wankin ƙoda. Shi ya sa ake ƙirga yawan bugu, ake kuma ƙara wa mara lafiya ruwa. Mai ciwon ƙoda, da mai sikila, da duk wanda jininsa ke yawan ƙonewa, su faɗi haka da bakinsu tun ganawar farko, kada su jira a tambaye su.

Kada kuma a ɗauka duk na'urar da aka kira PFA ɗaya ce. Kowane kamfani da siffar wayarsa da tsarin bugunsa, kuma kyakkyawan sakamakon wata ba shaida ba ne ga wata. A Janairu 2025 kamfanin Johnson & Johnson ya dakatar da amfani da na'urarsa Varipulse a Amurka bayan rahoton matsalar jijiyoyin ƙwaƙwalwa a mutum huɗu, ya dawo da ita bayan 'yan makonni da sabbin ƙa'idojin aiki. Bugun na sa tsokoki su zabura, don haka yawanci sai an sa mutum barci mai nauyi, abin da shi ma yake da nasa lissafin ga tsoho ko mai ƙiba.

Wajen warkarwa, gwajin ADVENT na 2023 a Amurka ya raba mutum 607: kashi 73.3 na 'yan PFA sun cika shekara lafiya, kashi 71.3 na waɗanda aka yi wa da zafi ko sanyi. Manyan matsaloli sun sami mutum shida a PFA, huɗu a ɗaya ɓangaren, kuma mutum ɗaya da ya rasu a gwajin ɗan ɓangaren PFA ne, sanadin ɓular bangon zuciya. Ina kawo wannan ne don kada wani ya ji "ba ta taɓa bututun abinci" ya fassara shi da "ba ta da haɗari". Wani ƙaramin gwaji a Suwizalan a 2025, mai mutum 210 da aka dasa wa kowannensu 'yar na'urar sauraron bugu a ƙarƙashin fata, ya ga ciwon ya dawo wa kashi 37 na 'yan PFA da kashi 51 na 'yan sanyi. Alama ce mai daɗi, amma mutanen kaɗan ne, kuma zafi na da tarihin fiye da shekara ashirin a wannan aiki, PFA kuwa 'yan shekaru.

To wa zai ɗauki wanne?

Wanda AF ɗinsa ke zuwa yana tafiya, aikinsa na farko ne, ƙodarsa lafiya, kuma zai koma garin da babu likitan da ya saba da irin wannan aiki, ni PFA zan karkata masa, in asibitin ya daɗe yana yinta. Dalilina shi ne yawancin matsalolinta a kan gadon aiki ko cikin kwanakin farko suke fitowa, yana hannun waɗanda suka yi masa. In babu PFA, ko kuɗinta ya fi ƙarfin aljihu, sanyi zaɓi ne mai kyau da ba abin kunya a cikinsa, kuma haɗarin ɓular bututun abinci a cikinsa ƙanƙani ne ƙwarai. Wanda za a sake wa aiki, ko wanda rikicinsa ya wuce bakin jijiyoyin huhu, zafi a hannun gwani yakan fi dacewa da shi. Kuma in an ba ni zaɓi tsakanin likitan da ya yi ɗaruruwan aiki da zafi da wanda ya karɓi na'urar PFA watan jiya, wurin na farko zan kai mahaifina.

Duk wannan maganar AF ce. Akwai wani rikicin, wanda ya fi kama matasa, inda zuciya ke tashi da gudu farat ɗaya ta kuma tsaya farat ɗaya, saboda wata 'yar ƙarin hanyar lantarki. Wannan aikinsa ya fi sauƙi, zafi na warkar da fiye da kashi 95. Haɗarinsa shi ne a taɓa babbar mahaɗar lantarkin zuciya, mutum ya koma rayuwa da batirin zuciya, abin da ke faruwa a ƙasa da kashi 1. A nan sanyi na da wata baiwa: ana iya ɗan sanyaya wurin a gwada, in an ga alamar matsala a saki ya farfaɗo. Shi ya sa ake son sa ga yara, duk da ciwon ya fi dawowa bayansa.

Akwai abin da takardun talla ba sa faɗa, kuma ya shafe mu kai tsaye. Manyan gwaje-gwajen nan an yi su ne a kan mutanen da bawul ɗin zuciyarsu, wato 'yar ƙofar da ke tsakanin ɗakunanta, ba shi da babbar matsala. A ƙasashenmu kuwa, da yawa daga masu AF, musamman mata matasa, asalin ciwonsu bawul ne da ya lalace sanadin ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba. Bawul ɗin ya tsuke, ɗakin hagu ya buɗe ya yi girma, ya cika da tabo. Irin wannan zuciya, ko da wace na'ura aka zagaye jijiyoyin huhunta, ciwon kan dawo muddin ba a gyara bawul ɗin ba. Har maganin tsinka jininsu daban ne: gwajin INVICTUS na 2022, a kan mutum fiye da 4,500 masu irin wannan ciwo, ya nuna tsohon magani irin warfarin ya fi rivaroxaban tsare rai. Kafin a sayar da fili a nemi biza, a fara yin hoton zuciya na eko a gida, a auna maƙoƙo, a shawo kan hawan jini.

In an zauna gaban likitan da zai yi aikin, babu rashin ladabi a ce masa, "Ranka ya daɗe, irin wannan aikin guda nawa kake yi a shekara, kuma da wace na'ura? In jini ya taru a jakar zuciya, akwai likitan tiyata a asibitin nan a wannan lokacin?" Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. A kuma sani cewa maganin tsinka jini ba a ajiye shi don an yi aiki. Wata biyu zuwa uku na farko wajibi ne ga kowa, bayan nan kuma haɗarin shanyewar ɓarin jiki na mutum ne zai yanke hukunci, ba daɗin da yake ji a ƙirjinsa ba. Bugun zuciyar na iya ɗan rikicewa a makonnin farko kafin tabon ya zauna, ba lallai aikin ne ya lalace ba.

Kafin a baro asibitin, a karɓi takardar da ta bayyana hanyar da aka yi amfani da ita da ranar aikin, da lambar wayar da za a kira. Takardar nan ta zauna a hannun wanda ke kwana gida ɗaya da mara lafiya. In cikin wata biyu na farko zazzaɓi ya zo, ko ciwon ƙirji, ko zafi wajen haɗiya, ko aman jini, ko magana ta karkace, kada a tsaya kemis, kada a jira a ga ko maganin maleriya zai yi aiki. A tafi babban asibiti a miƙa takardar, a ce an yi aikin zuciya ta kateta kwana kaza da suka wuce. Hoton CT na ƙirji ake buƙata, wanda ake yi da allurar ruwan da ke haska jijiyoyi. Kada a yarda a zura kyamara ta maƙogwaro kafin a ga wannan hoton, don iskar da ake hurawa lokacin zura ta na iya bi ta ɓular ta shiga zuciya, daga nan ta wuce ƙwaƙwalwa.